Shekara biyu ina sake gina wani tsohon gem: in sake shi ko in ɓoye?

Nura Mai Gem:
Assalamu alaikum 'yan gida. Wata magana ce ta hana ni barci kwana biyu, na ce bari in kawo ta nan. Akwai wani tsohon gem, wato wasan bidiyo, da na taso da shi, irin na tsalle-tsallen nan na farkon shekarun 1990. Kamfanin da ya yi shi yana nan da ransa, amma ya yi watsi da gem ɗin, babu inda ake sayar da shi yanzu. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan ina sake gina shi a Godot, manhajar haɗa gem. Kod ɗin duk ni na rubuta tun daga tushe, ban taɓa ganin nasu ba. Jarumin da abokan gabansa na sake zana su da hannuna. Kiɗa da ƙararraki ne kawai na ciro daga na asalin. Matakai 9 cikin 12 sun kammala.

Niyyata in saki bidiyon talla a YouTube ƙarshen watan nan, in buɗe shafi a itch.io, inda masu haɗa gem ke ɗora aikinsu, kowa ya sauke kyauta, ko kwabo ba zan karɓa ba. Zan kuma rubuta a allon farko cewa duk haƙƙoƙi na kamfanin ne, ni masoyi ne kawai. Wani abokina ya ce wai duk da haka za su iya maka ni a kotu. Gaskiya ne, ko tsorata ni yake yi?

Usaini Ɗan Sega:
Wa alaikumus salam. Tsorata ka yake yi. Mai sayarwa ake kamawa. Kai da za ka raba kyauta, har ka rubuta sunansu ka gode musu, ina laifinka? Talla ma ka yi musu ba su biya ba. Saki abinka mu buga, ni ne na farko a layi.

Bash:
Nura, an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A harkar nan karin maganar ta zauna daram, don gem ɗin mutane da yawa ya ci wuta a gaban idonmu 😂 Ka tuna AM2R? Milton Guasti, ɗan Ajantina, ya kwashe kusan shekara goma yana sake gina Metroid II na Game Boy. Ya sake shi a watan Agustan 2016, daidai cikar Metroid shekara 30. Ko mako bai rufa ba Nintendo suka sa aka cire shi. A cikin watan nan dai Pokémon Uranium ya fito bayan shekara tara ana aikinsa, aka sauke shi wajen sau miliyan ɗaya da rabi, da takardu suka fara zuwa masu shi suka cire linkin da hannunsu. Dukansu kyauta aka raba su, Usaini.

Barista Hadiza:
Ƙanena Nura, sannu da ƙoƙari, shekara biyu ba wasa ba. Amma abokinka bai yi maka ƙarya ba.

Haƙƙin mallaka dami ne guda na iko a hannun mai abu. Shi kaɗai zai kwafa, shi zai rarraba, shi kuma zai fitar da sabon abu daga cikin tsohon. Wannan na ukun ne ya kama ka. Ko ba ka taɓa ganin kod ɗinsu ba, jarumin nasu ne, labarin nasu ne, shimfiɗar matakan tasu ce, kiɗan ma da bakinka ka ce ciro shi ka yi. Hannunka ne ya sake zana jarumin, amma duk wanda ya kalle shi sunansa na asali zai kira, kuma abin da alƙali zai duba ke nan.

Batun kyauta kuwa, abin da doka ta hana shi ne kwafa da rarrabawa ba da izini ba, ko an karɓi kuɗi ko ba a karɓa ba. Rashin karɓar kuɗi na iya rage nauyin abin da za a ɗora maka, yana iya sa kamfani ya ga ba ka kai a ɓata lokaci a kanka ba. Iyakarsa ke nan. Shi kuwa rubutun nan da kuke sawa a allon farko, wai "duk haƙƙoƙi na kamfani ne", da ni ce lauyar kamfanin shi zan fara ɗauka a hoto. Ka rubuta da hannunka cewa ka san kayan ba naka ba ne kuma ba a ba ka izini ba. Inda yake ɗan taimakawa shi ne kore zargin kana sa mutane su zaci daga kamfanin gem ɗin ya fito, wannan kuma maganar tambarin kasuwanci ce, wata doka daban.

Nura Mai Gem:
Anti Barista, na gode. Amma fa sun jefar da shi. Ko da kuɗinka a hannu ba za ka same shi sabo ba. Abin da mai shi ya yar, wanda ya tsinta ya gyara shi ne mai laifi?

Malam Kabiru (Admin):
Nura, wannan ciwon duk muna jin sa. A 2023 cibiyar Video Game History Foundation ta fitar da bincike cewa kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da suka fito a Amurka kafin 2010 babu su a kasuwa. Ba don masoya ba, da yawancinsu sun ɓace. Amma "yasasshen gem" kalmarmu ce mu masu bugawa, doka ba ta san ta ba. Haƙƙin mallaka ba ya mutuwa don mai shi ya daina sayarwa, sai wa'adinsa ya cika. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, ko rajista ba a buƙata kafin a kare aiki. A Amurka abin da kamfani ya fitar yana da shekara 95. Gem ɗin 1992 ke nan sai ƙarshen 2087 zai zama na kowa. Sai dai jikokinka su yi maka.

Wani lokaci ma rashin sanin mai abu ne matsalar. No One Lives Forever na 2000, kamfanin Nightdive ya nemi sake fitar da shi da kuɗinsa da lauyoyinsa, aka yi ta kai-komo tsakanin Warner Bros. da Activision da 20th Century Fox, ana cewa wataƙila muna da haƙƙi, takardun na cikin akwati a wani wuri. Ƙarshe maganar ta mutu. Kamfani mai son biya ke nan fa.

Usaini Ɗan Sega:
To ai Nintendo da ma an san halinsu, shi ya sa Bash ya fara da su. Ku kawo na kirki mana. Christian Whitehead ɗan Ostireliya da gem ɗin masoya na Sonic ya fara. A 2009 ya nuna Sonic CD yana gudu a iPhone da injin da ya ƙera, Sega suka ɗauke shi aiki, gem ɗin ya fito a 2011, a 2017 ya jagoranci Sonic Mania. Black Mesa fa? Half-Life suka sake ginawa, ya fito kyauta a 2012, Valve masu Half-Life suka ce ku zo ku sayar a kasuwarsu ta Steam. Capcom da kansu suka raba Street Fighter X Mega Man a 2012, aikin wani matashi ɗan Singafo. Da duk sun ji tsoro da babu ko ɗaya.

Injiniya Auwal:
Duk gaskiya ne, Usaini, amma ɗauko sauran labarin. Sega ɗin da kake yabo su suka sa aka cire Streets of Rage Remake a 2011, 'yan kwanaki bayan fitowarsa, aikin shekara takwas. Valve ɗin da suka buɗe wa Black Mesa ƙofa su suka nemi a tsayar da Portal 64 a Janairun 2024, wanda wani ke yi don Nintendo 64, saboda aikin ya dogara da kayan manhajar Nintendo kuma ba sa son rigima. Kamfani ɗaya, amsa biyu. Abin da Whitehead da 'yan Black Mesa suka samu alfarma ce, mai abu ne ya ga dama. Alfarma kuwa ba a gina aikin shekaru a kanta.

Usaini Ɗan Sega:
Shi ma Guasti ai ya samu aiki daga baya.

Injiniya Auwal:
Ya samu, a Moon Studios, ya yi aiki a Ori and the Will of the Wisps. Wani kamfani daban ne ya ga gwanintarsa. AM2R ɗin dai hannunsa ya fita daga kai har yau.

Maryam Mai Zane:
Bari in ba ku nawa, don ni ba karantawa na yi ba. Mu huɗu ne, shekara uku muna sake gina wani tsohon gem na labari, ni ke zane. Ba zan faɗi kamfanin ba, kada a tambaye ni. Muka saki bidiyon talla, wani babban shafin labaran gem ya ɗauka, kwana biyu wayata ba ta huta ba. Har hoton allo nake ɗauka na yabon mutane ina ajiyewa.

Rana ta biyar da safe shugaban aikinmu ya turo mana wani imel, bai ce komai ba. Takarda ce shafi biyu. Abin da ya fi ba ni haushi ladabinta: sun gode da soyayyar da muke wa gem ɗinsu, sun san mun sha aiki. Sai sakin layi na uku: mu cire duk abin da muka ɗora, mu daina aikin, mu goge fayilolin, mu rubuto amsa cikin kwana bakwai cewa mun yi. Babu zagi, babu maganar kuɗi. Muka yi awa guda a zaurenmu ba wanda ya rubuta ko harafi.

Abin da nake so Nura ya ji shi ne yadda asarar ta rabu, don ba daidai ta faɗo mana ba. Mai rubuta mana kod ya kwashe tsarin faɗan da ya gina, ya canza sunaye, yana amfani da shi a wani aikin har yanzu, don nasa ne. Ni zanena sama da ɗari uku duk fuskokin jaruman mutane ne. Da na zo neman aiki aka ce in nuna abin da na taɓa yi, na buɗe foldar na rufe. Shekara uku, ba ni da abin nunawa da ba zan ji ɗar-ɗar ba. Kura da shan bugu ke nan, gardin ma bai karɓi komai ba.

Nura Mai Gem:
Subhanallah. Allah ya mayar da alheri, Yaya Maryam. Jikina ya yi sanyi.

Bash:
Amin. Amma ku lura da inda aka samu matsala: bidiyon talla. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, masu rubuta labaran nan su ke rataye mu. Chrono Resurrection a 2004 bidiyo suka nuna, duniya ta ɗauka, Square Enix masu gem ɗin asalin suka rufe shi. Crimson Echoes a 2009 saura 'yan makonni ya fito aka aiko musu. Apeiron, masu sake gina Knights of the Old Republic, shekaru suna nuna hotuna, Lucasfilm suka tsayar da su a 2018, ba wanda ya buga ko mataki ɗaya. AM2R kuwa da ya riga ya fita, har gobe ana buga shi. Shawarata: yi shiru, gama, saki da sunan bogi, ka ɓace. Abin da ya shiga intanet ba ya fita.

Fa'iza Sauti:
Bash kullum shawararka kamar ta ɗan fashi 😅

Barista Hadiza:
Bash, dabararka tana ceton gem ɗin, Nura ne ba ta ceta ba. Kafin ka saki, abin da za su ce shi ne ka daina. Bayan ka saki an sauke sau dubbai, rarrabawa ta auku, ba ta dawowa. Sunan bogi kuma ba katanga ba ce, shafin da ka ɗora yana da imel ɗinka da adireshin intanet ɗinka, kuma dokar Amurka ta ba mai haƙƙi hanyar neman kotu ta sa a miƙa masa su.

Kada kuma in tsorata ku fiye da kima. Yawancin waɗannan maganganu a takarda suke ƙarewa, irin ta Maryam. Kamfani ba ya son a ce ya kai masoyinsa kotu, kuma ya san ba abin da zai tatsa a jikinka. Amma ku san abin da ke bayan takardar. YouTube da GitHub, shafin ajiye kod, da itch.io duk a ƙarƙashin dokar Amurka suke, ko ina kake zaune. Dokar DMCA ta 1998 ta ce in mai haƙƙi ya aiko sanarwa, shafin ya cire abin da sauri in yana son tsira da kansa. Ba sa jiran alƙali. A YouTube gargaɗin haƙƙin mallaka uku ya isa a rufe tasharka da duk abin da ke cikinta. In kuwa aka je kotu a can, kuma aikin yana da rajista, doka ta yanka diyya daga dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki, in an tabbatar da gangan ka yi tana iya kai 150,000. "Da gangan" ɗin nan, ka tuna da rubutun allon farko.

Akwai takardar musu da ake iya cikewa a mayar da abin da aka cire. Matasa na cike ta da zafin rai ba su karanta ba. Za ka sa sunanka na gaskiya da adireshi da lambar waya, ka yi rantsuwa cewa kuskure aka yi, ka amince kotun tarayya ta Amurka ta saurari shari'arka. Sai a jira kwanakin aiki 10 zuwa 14, in kamfani bai shigar da ƙara ba a mayar. Masu re3 da reVC, waɗanda suka warware kod ɗin GTA III da Vice City, an cire aikinsu daga GitHub a Fabrairun 2021, suka cike takardar, aka mayar. A Satumba Take-Two, masu GTA, suka shigar da su ƙara a Kalifoniya.

Usaini Ɗan Sega:
Barista, to ina ƙa'idar nan ta amfani bisa adalci da masu YouTube ke ta ambato? Ai an ce in ka canza abu ka ƙara masa naka, ya halatta.

Barista Hadiza:
Tana nan, sashe na 107 na dokar Amurka. Abu huɗu alƙali ke aunawa: me ka yi da abin, wane irin aiki ne, nawa ka ɗiba, kuma ko ka taɓa kasuwar mai shi. Mai sharhi da ya nuna minti biyu na gem yana bayani a kai yana da abin faɗa. Kai kuwa gem ɗin dukansa ka ɗauka, don a yi da shi abin da ake yi da na asalin, wato a buga. Ƙarin kyau ba ya canza manufa. Na huɗun ne ma ya fi kashe ka, don kasuwar da ake nufi har da wadda mai abu zai iya shiga gobe. A shari'ar Micro Star da FormGen a 1998, matakan Duke Nukem 3D ne da masu bugawa suka ƙirƙira wani kamfani ya tattara 300 a faifai yana sayarwa. Kotu ta ce waɗannan ci gaban labarin Duke ne, kuma ikon yin ci gaba na mai shi ne. Sannan ita wannan ƙa'ida kariya ce da ake kawowa bayan an riga an kai ka kotu, da lauyan da kai za ka biya. Japan, inda yawancin kamfanonin da kuke so suke, ba ta da irinta mai faɗi haka.

Fa'iza Sauti:
Anti, ni abin da na sha ji shi ne wai dole ce ke sa su, in ba su hana ba za su rasa haƙƙin. Haka ne?

Barista Hadiza:
Rabin gaskiya ce da ta yi yawo har ta zama uzuri. Tambarin kasuwanci, wato suna da alama, shi ne zai iya raunana in an bar kowa yana amfani da shi. Haƙƙin mallaka ba ya zubewa don an kawar da kai. Suna iya ƙyale mutum ɗari su kama na ɗari da ɗaya.

Malam Kabiru (Admin):
Ni na fi yarda da kalanda. An cire AM2R a 2016, a Satumbar 2017 Nintendo suka fitar da Metroid: Samus Returns, nasu sabon Metroid II ɗin. Take-Two sun kai ƙara a Satumbar 2021, a Nuwamba suka fitar da tsofaffin GTA uku da aka sabunta. 'Yan Italiya masu Resident Evil 2 Reborn, Capcom sun nemi su tsaya a 2015 daidai lokacin da suka sanar da nasu. Kai kana ganin gem ɗin a yashe, ba ka san me ke kan teburinsu ba. Wani lokaci kuma kamfanin ko yana so ba zai iya ba ka izini ba, don kiɗan na wani ne, muryar ta wani ce, jarumin aro suka yi da lasisi.

Injiniya Auwal:
Akwai wata hanya da ba a ambata ba, kuma ita na fi sani. Ka raba inji, wato kod ɗin da ke tafiyar da gem, da kaya, wato hotuna da sauti. OpenMW sabon inji ne da aka rubuta don Morrowind, babu hoto ko sauti ko ɗaya na Bethesda, masu gem ɗin, a cikinsa, sai ka nuna masa inda fayilolin gem ɗin da ka saya suke. ScummVM haka yake, shekara sama da ashirin yana nan. Doom ma id Software sun saki kod ɗinsa a 1997 amma suka riƙe hotuna da matakai, shi ya sa masoya suka yi Freedoom da kayansu na kansu. Nura, tunda kod ɗinka naka ne, kana iya cire duk abin da ka ciro, injin ya riƙa karanta su daga kwafin da mai bugawa ya mallaka.

Barista Hadiza:
Ta fi sauƙin haɗari, Injiniya, amma ka faɗa masa duka. Shi ma re3 sai kana da gem ɗin asali yake aiki, bai hana a kai su kotu ba, don kod ɗin daga warware na kamfanin ya samo asali. Wanda ya kalli yadda gem ke motsi ya rubuta nasa daban yake da wanda ya buɗe cikinsa ya kwafo. A nan Nura yana da tsabta. Sai dai sababbin zanen jarumin da ya yi ba sa cikin tsohon kwafin kowa, dole shi zai raba su, an koma gidan jiya.

Ga wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. A dokar Amurka, ɓangaren aikinka da ka gina a kan kayan wani ba da izini ba, kai ma ba ka da kariya a kansa. Gobe wani ya ɗauki gem ɗinka ya cika shi da talla ya sa a kasuwar manhajojin waya, da wane baki za ka kai ƙara?

Nura Mai Gem:
To in rubuta musu in nemi izini fa? Ko in buɗe Patreon, shafin karɓar tallafin kuɗi daga masoya, kawai don kuɗin kayan aiki, ba sayarwa ba?

Barista Hadiza:
Patreon kam a'a, da babbar murya. Ɗan abin da ya rage maka shi ne ba ka ci kuɗi ba, kada ka zubar da shi. Neman izini kuwa fara duba shafin kamfanin, wasu suna da rubutacciyar ƙa'ida kan ayyukan masoya, ka karanta ko ta haɗa da gem, don da yawa zane da bidiyo kawai suka yarda. In ka rubuta, ka shirya wa a'a ko shiru. Shiru ba izini ba ne. In suka ce a'a ka ci gaba, ka ƙara wa "da gangan" ɗin nan shaida ta biyu.

Malam Kabiru (Admin):
Nura, saurare ni a matsayin wanda ya girme ka a harkar nan. Yadda ake buga gem, tsalle da gudu da tara abubuwa da faɗa da babban dodo a ƙarshen mataki, doka ba ta ba kowa shi ba. Freedom Planet na 2014 gem ɗin masoyan Sonic ne da farko, jarumar bushiya ce, aka mayar da ita diragon, aka sake duniyar, yau ana sayar da shi har ya yi na biyu. Masu gem ɗin faɗa da dokunan katun ɗin Hasbro sun sha takarda a 2013, suka sake jarumai, ya zama Them's Fightin' Herds. 'Yan Italiyan can masu Resident Evil 2 Reborn ma Daymare: 1998 suka yi a 2019. Kana da injin da ke aiki da hannun zane. Mutane da yawa a zauren nan ko ɗaya ba su da shi.

Amma canjin ya zama na gaske. A 2012 kamfanin Tetris ya yi nasara a kan masu Mino, waɗanda suka ce ai ƙa'idojin wasa kawai suka ɗauka. Kotu ta ajiye hotunan biyu gefe da gefe, fili iri ɗaya, tubala iri ɗaya, ta ce wannan kwafi ne. Canza wa jarumi launin riga ba zai fishe ka ba.

Usaini Ɗan Sega:
Ni dai har yanzu ban ga adalci a nan ba. Sun bar abu ya ruɓe shekara talatin, yaro ya raya shi don ƙauna, a ce shi ne ɓarawo. Shekara 95 don gem ɗin da na'urar buga shi ma ta mutu? Dokar ce ke da gyara.

Barista Hadiza:
A kan tsawon wa'adin ni da kai ba mu da saɓani, Usaini. Amma Nura ƙarshen watan nan yake magana.

Nura Mai Gem:
Na je na buɗe aikin na duba da idon da kuka ba ni. Akwai folda da na sa wa suna "asali", fayil 214 ne a ciki, duk sauti. Waɗannan na san hukuncinsu. Jarumi da abokan gaba goma sha ɗaya, zanena ne amma fuskokinsu ne. Abin da ya rage nawa tsantsa: kod, hasken da na ƙara, ruwa, bishiyoyi, da manyan dodanni biyu da na ƙirƙira don na ga na asalin sun yi sauƙi.

Abin da ke min ciwo shi ne ni ba gem nake son yi ba kawai, wannan gem ɗin nake so. Mataki na 4 akwai wani ruwa mai gangarowa da ake bi ta bayansa a sami ɓoyayyen ɗaki. Ni da yayana mun yi wata guda kafin mu gano shi. Sati uku na yi ina gyara yadda ruwan ke fallatsa a kan jarumin. In na canza komai, wannan ma sai na cire?

Barista Hadiza:
Ruwa mai gangarowa da ɗaki a bayansa ba na kowa ba ne, gem nawa ne suka yi shi. Abin da za ka rushe shi ne jerin: dandamali uku nan, rami can, maƙiyi a daidai wancan lungu, taku bisa taku yadda yake a nasu. Riƙe ruwanka, ka sake hanyar zuwa wurinsa. Kafin ka saki komai kuma ka nuna wa lauyan da ya san dokar inda kake zaune, abin da nake yi a nan hira ce.

Maryam Mai Zane:
In ka yanke shawarar sake jarumai, turo min motsinsu in gani. Abokan gaba goma sha ɗaya ba aikin mutum ɗaya ba ne, na san wannan.

Usaini Ɗan Sega:
To kafin ka rushe, turo min tsohon ta bayan fage in ɗana ko mataki ɗaya 🙏

Malam Kabiru (Admin):
Usaini, ban gani ba, kuma kada in gani. Duk wanda ya sa linki a zauren nan zan goge.

Bash:
Ni dai na faɗi tawa. In ya canza jarumi mutum ɗari za su buga, in ya bar shi dubu ɗari.

Injiniya Auwal:
Dubu ɗarin na kwana biyar ne, irin na su Maryam.

Fa'iza Sauti:
Nura, fayil 214 ɗin nan yawancinsu ƙarar tsalle ce da duka da ɗaukar abu, ana haɗa su da yamma ɗaya. Kiɗan ne aiki. Turo min bidiyon mataki ɗaya in gwada.

Nura Mai Gem:
Na tura miki na 4, daƙiƙa 40 ne, daga bakin ruwan zuwa cikin ɗakin. In haɗa miki da kiɗan asalin ki ji yanayinsa?

Fa'iza Sauti:
A'a, kashe sautin gaba ɗaya. Ban taɓa jin sa ba, kuma ba na so ya shiga kunnena kafin in fara.